Kujerar Saban: abin da na koya a Tuscaloosa game da gadon aiki

Jihar Alabama ba ta da ƙungiya ko ɗaya a NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Ƙungiyoyin jami'o'i ne suka cike wannan gurbi, kuma mutanen jihar sun ɗauke su da matuƙar muhimmanci. Filin wasa na Bryant-Denny da ke harabar Jami'ar Alabama a garin Tuscaloosa yana cin mutum dubu 100, kusan yawan mazauna garin gaba ɗaya, kuma duk Asabar ɗin da ake wasa a gida cika yake yi maƙil. Mutumin da ya riƙe ƙungiyar daga 2007 zuwa farkon 2024 shi ne Nick Saban. A kaka 17 ya ci kofin ƙasa sau 6: a 2009, 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020. Idan aka haɗa da wanda ya ci da Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a 2003 sun zama 7, kuma babu kocin da ya taɓa kai wannan adadi a babban rukunin jami'o'i. A zamaninsa ɗaliban jami'ar sun tashi daga kimanin dubu 25 zuwa kusan dubu 40, da yawansu daga wasu jihohi, kuma ba ka samun mai musun cewa ƙwallo na da hannu a ciki.

Ranar Laraba, 10 ga Janairu 2024, ya tara 'yan wasansa ya ce musu ya ajiye aiki. Shekarunsa 72. Ina garin a lokacin, ina karatun digiri na biyu a fannin gudanarwa, ina kuma ɗan aikin wucin gadi a ɗakin karatu. Mun sha karanta babi-babi a kan yadda ake miƙa ragamar shugabanci, amma abin da na gani da idona a makonnin nan shi ya fi zauna mini.

Da daddare mutane suka yi ta tururuwa zuwa wajen mutum-mutuminsa da ke bakin filin wasa. Suna ajiye furanni, da kwalaben Coca-Cola, da wani biskit mai kirim na kamfanin Little Debbie wanda kowa ya san da shi yake karya kumallo. Na ga wata dattijuwa ta ajiye nata kwalin, ta gyara masa zama don kada iska ta kayar da shi, ta tsaya tana share hawaye. Alhali mutumin yana nan da ransa da lafiyarsa, yana gidansa a garin.

Wannan soyayyar ita ce kuma matsalar, ba a kwana biyu ba ta bayyana. Dokar wasannin jami'o'i a lokacin ta ba 'yan wasa kwana 30 su sauya sheƙa idan kocinsu ya tafi. Daraktan wasanni, Greg Byrne, ya roƙi yaran su ba shi awa 72 ya nemo sabon koci, kuma ya cika alkawari, domin ranar Juma'a 12 ga wata aka sanar da Kalen DeBoer na Jami'ar Washington. Duk da haka wasu daga cikin zaratan suka kama gabansu. Caleb Downs, ɗan bayan da ake ji da shi, ya koma Ohio State, haka ma Julian Sayin da bai daɗe da shigowa ba. Isaiah Bond ya tafi Texas. Gine-ginen suna nan, ɗakin motsa jiki yana nan, kuɗi ba su ragu ba, rigar ma ja ce kamar kullum. To me ya tafi? A aji malaminmu ya jefo mana wannan tambaya, muka yi ta ja-in-ja. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, yaran da iyayensu da mutum suka ƙulla yarda. Saban ne ya zauna a falonsu ya ce ku ba ni ɗanku, zan kai shi inda yake so ya je. Ofis yana iya miƙa makulli da takardu da kasafin kuɗi ga sabon shugaba cikin yini guda, amma yardar da mutane suka ba wancan, sai wannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya nemi tasa. Waɗanda suka zauna, irin su Jalen Milroe mai jagorantar hari, sai da DeBoer ya zauna da su ya shawo kansu.

Dalilin tafiyar Saban shi ya fi burge ni a dukan labarin. Bai tafi don ya gaza ba. A kakarsa ta ƙarshe ya ci kofin yankinsu na SEC, ya kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, Michigan ta fitar da shi da kyar, 27 da 20, bayan ƙarin lokaci, ranar 1 ga Janairu. Abin da ya bayyana daga baya shi ne shekaru sun fara nuna kansu, kuma duk wanda zai ɗauka aiki ko yaron da yake zawarci sai ya tambaye shi shekara nawa zai ƙara yi, shi kuma ba ya iya ba su tabbaci. Ga kuma yanayin wasan ya canja: tun Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa su sami kuɗi da sunansu da hotonsu, sauya makaranta ya zama ruwan dare, tattaunawa da yara ta koma ta nawa za a ba ni. Mutumin da ke karɓar fiye da dala miliyan 11 a shekara, babu mai iya ce masa tashi, ya duba ya ga ba zai iya yin alkawarin da aikin yake bukata ba, sai ya tashi da kansa. Na ɗauki wannan a matsayin ma'auni mai kyau ga duk mai riƙe da kujera: ranar da ka kasa gaya wa na ƙasa da kai gaskiyar inda za a kwana, lokacin sauka ya yi, ko da ana ta yi maka tafi.

Ba kowa ke samun wannan dacen ba. Bobby Bowden ya riƙe Florida State tun 1976, ya ci kofin ƙasa biyu, amma a 2007 jami'ar ta naɗa Jimbo Fisher magaji mai jiran gado alhali dattijon yana kan kujera. Aka yi shekara biyu ana zaman doya da manja, ma'aikata ba su san wanda za su bi ba, har a ƙarshen 2009 aka tura Bowden gida ba da son ransa ba. Fisher ya ci kofi a 2013, saboda haka a takarda shirin ya yi nasara, sai dai an ɓata wa tsohon da ya gina wurin.

Shi Saban bai naɗa kowa ba, kuma nan ne nake da ɗan ja da masu cewa ya yi sakaci. Ya horar da magada da yawa, illa dai magajin kirki ba ya zaman jira. Kirby Smart ya yi shekaru a ƙarƙashinsa, ya tafi Georgia ya ci kofin ƙasa a 2021 da 2022. Steve Sarkisian yana Texas, Lane Kiffin yana Jami'ar Mississippi (Ole Miss) a lokacin. Da kujerar ta zama fanko kowannensu yana da gidan kansa. Dole aka ɗauko baƙo.

DeBoer ɗan South Dakota ne, shekarunsa 49 a lokacin, bai taɓa aiki a kudancin Amurka ba. Amma ba ɗan koyo ba ne: ya ci kofi uku a ƙaramin rukuni da Jami'ar Sioux Falls, a Washington kuma ya ci wasa 25 ya faɗi 3 cikin kaka biyu, har ya kai wasan ƙarshe na ƙasa kwanaki kaɗan kafin a kira shi. Aka ba shi kwantiragin shekara 8 a kan dala miliyan 87. Da ya zo, bai yi ƙoƙarin zama Saban na biyu ba. Saban mutum ne mai zafi, mai tsawa a bakin fili, ba ya barin mataimakansa su riƙa magana da 'yan jarida sai nadiran. DeBoer mai sanyin magana ne, ya mayar da atisaye da safe, ya bari a sa kiɗa, ya saki mataimakansa su yi magana. A gefe guda ya riƙe wasu daga cikin ma'aikatan Saban, bai taɓa al'adun gidan da magoya baya ke alfahari da su ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma yaran da suka zauna da ainihin Saban da sun gane na jabu tun ranar farko.

Akwai wani dattijo da muke aiki tare a ɗakin karatu, haifaffen garin, shi ya fara ce mini, “Ɗana, mun taɓa ganin irin wannan rana.” Yana nufin Paul Bryant, wanda ake kira Bear, da ya riƙe ƙungiyar shekara 25, daga 1958 zuwa 1982, ya ci kofi 6, ya rasu ranar 26 ga Janairu 1983, mako huɗu kacal bayan wasansa na ƙarshe. Magajinsa Ray Perkins tsohon ɗan wasansa ne, ɗan gida. Yana zuwa ya sa aka sauke hasumiyar ƙarfen da Bryant ke hawa yana kallon atisaye. Dattijon ya ce hasumiyar ba ta cin wasa, kowa ya san haka, amma mutane ba su yafe ba. Perkins ya yi kaka huɗu ya tafi, kuma sai 1992 Alabama ta sake ɗaga kofi, a hannun Gene Stallings. Daga wannan hira na fahimci cewa sabon shugaba yana iya canja jadawali da tsarin aiki mutane su jure, amma ya taɓa abin da suke tuna tsohon da shi, ya sayi rigimar da ba ta da riba.

Kakar 2024 ta zo da daɗi da ɗaci. Ƙarshen Satumba Alabama ta doke Georgia 41 da 34, aka ɗora ta a matsayi na ɗaya a ƙasa, gari ya ɗauki murna. Mako guda bayan haka, 5 ga Oktoba, Vanderbilt da rabon ta da cin Alabama tun 1984 ta lallasa ta 40 da 35, ɗalibanta suka tuge ƙarfen raga suka kai shi kogin Cumberland suka jefa. Kaka ta ƙare da nasara 9 da faɗuwa 4, ba a shiga gasar ƙungiyoyi 12 ta neman kofi ba. A gidajen rediyo masu kira suka yi ta cewa an yi zaɓen tumun dare. Kaɗan ne suka tuna cewa shi kansa Saban a kakarsa ta farko, 2007, wasa 7 ya ci ya faɗi 6, har ƙaramar makaranta Louisiana-Monroe ta zo gida ta doke shi 21 da 14. Ana auna shekarar farko ta magaji da shekarun ganiyar wanda ya gada, wannan kuwa zalunci ne. Ban ce DeBoer ba shi da laifi ba. Saban ya tarar da ƙungiya a kwance, shi kuwa ya tarar da ita a tsaye, kuma kashin da ya sha a hannun Oklahoma, 24 da 3, babu uzurin da zai rufe shi. Amma gaggawar yanke hukunci tana da tsada. Nebraska ta kori Frank Solich, magajin Tom Osborne, a 2003 bayan ya ci wasa 9 a kakar, wai bai kai ubangidansa ba; shekara mai zuwa ta faɗi wasanni fiye da waɗanda ta ci, abin da rabon ta da gani tun 1961, kuma ba ta sake ɗaga kofin ƙasa ba. Duk wanda ya zauna gidan kallo a 2013 ya san irin wannan, lokacin da David Moyes ya gaji Alex Ferguson a Manchester United da kwantiragin shekara 6, aka sallame shi bai cika shekara ba.

Da na dawo gida na kama aiki, ba a daɗe ba aka ba ni wani ƙaramin sashe da wani bawan Allah ya riƙe tun kafin in gama sakandare. Mutum ne mai gaskiya, ma'aikata suna ƙaunarsa, kuma rabin aikin a kansa yake, ba a rubuce ba: wane ɗan kwangila ne ke cika alkawari, wace takarda ce sai an bi ta da ƙafa, wane ma'aikaci ne ba a yi masa faɗa a gaban mutane. Makonnin farko na lura duk shawarar da na yanke, kafin la'asar ta isa gidansa, washegari a dawo mini da abin da aka ce ya ce. A nan na tuna wani abu da Saban ya yi. Jami'ar ta riƙe shi a matsayin mai ba da shawara, amma ofishinsa a filin wasa aka ba shi, nesa da ginin da koci da 'yan wasa suke aiki kullum. Mai nemansa ya san inda zai same shi, kuma yaran ba sa cin karo da shi a baranda.

Sai na shirya na je gidan dattijon da na gaji kujerarsa bayan sallar Isha'i, na gaishe shi, na ce, “Baba, ina bukatar iliminku, amma ina roƙon ya riƙa biyowa ta hannuna.” Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, “Ɗana, kujerar taka ce yanzu. Duk wanda ya zo mini da maganar ofis, wurinka zan turo shi.” Ya kuwa cika. Muka tsayar cewa ƙarshen kowane wata zan zo da tambayoyina da littafin rubutu. Teburinsa da kalandarsa da yadda ake buɗe taron Litinin da addu'a, ban taɓa ko ɗaya ba. Tsarin adana takardu kuwa na canja shi gaba ɗaya, ba wanda ya ce uffan.

Abin da nake rubutawa daga bakinsa nake koya wa matasa biyu da ke ƙarƙashina, ina barinsu su jagoranci wasu taruka, su sa hannu a wasu takardu. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi hazaƙa, ya sami tayin aiki mafi girma a wata ma'aikata a watan jiya. Ni na rubuta masa takardar shaida, kuma na riga na fara duba wanda zan jawo ya maye gurbinsa.