Cinikin tsohon jirgin zamiya: kuɗin yana ƙarƙashin daɓe

A jihar Minesota ta Amurka, inda nake zaune da iyalina, jirgin ruwa ba na attajirai ba ne kaɗai. Tafkunan jihar da hukuma ta ƙidaya sun kai 11,842, kuma da zarar ƙanƙara ta narke a watan Afrilu za ka ga malamin makaranta da direban babbar mota kowa na jan nasa a bayan mota. A nan ma aka fara wasan zamiya a kan ruwa. A 1922 wani saurayi ɗan shekara 18, Ralph Samuelson, ya ɗaura katakai biyu a ƙafa a Tafkin Pepin, jirgi ya ja shi. Yarana sun koyi wasan a jirgin maƙwabcinmu, wani dattijo Ba'amurke da ya yi ritaya daga kanikancin jiragen ruwa, har yawan aron ya fara ba ni kunya. Sabon jirgin zamiya yanzu yakan kai dala dubu ɗari ko fiye, don haka tun farko na san na hannu zan nema, kuma tsoho tukuf.

Wanda ya saba da jiragen Yawuri ko na Baga, masu injin Yamaha rataye a baya, sai ya ajiye wannan hoton a gefe. Jirgin zamiya injin mota ne mai silinda takwas zaune a tsakiyarsa, an rufe shi da akwati. Daga giyabos wani dogon ƙarfe ya huda ƙasan jirgin ya fita, farfela na bakinsa, bayanta kuma ƙarfen juya akala. Ƙasan jirgin kusan a shimfiɗe yake domin kada ya tayar da babbar igiyar ruwa, tun da mai zamiya yana tsallake ta ne hagu da dama, a gasar maza har a gudun kilomita 58 a awa. Sunaye uku za ka fi gani a kasuwa: Correct Craft, kamfanin Filorida da aka kafa a 1925, wanda ya fito da Ski Nautique a 1961, MasterCraft na 1968, da Malibu na 1982. Ni hankalina ya kwanta da samfurin Ski Nautique 2001 (lambar sunansa ce, ba shekara ba), wanda aka ƙera daga 1982 zuwa 1989. Bai kai ƙafa 19 ba, yana shiga garejina, kuma injinsa Ford 351 ne da kamfanin PCM ya mayar na ruwa, kayan gyaransa ba su da wuyar samu.

Akwai kundin farashi na J.D. Power, wanda a da ake kira NADA, bankuna da masu inshora suna duba shi. Na duba, na rufe. Jirgin da ya haura shekara talatin, kundin ba ya iya bambanta wanda aka riƙe da kyau da wanda ruwa ya cinye cikinsa. Abin da ya yi mini amfani shi ne littafin da na buɗe da kaina. Duk tallar irin wannan jirgi da na gani a Facebook Marketplace ko Craigslist ko Boat Trader, a jihar da maƙwabtanta, sai in rubuta shekararsa da awoyin injinsa da kuɗin da aka sa masa, in kuma lura da wanda ya ɓace cikin mako guda da wanda ya yi kwantai. Wanda ya yi kwantai ba farashi yake gaya maka ba, burin mai shi ne kawai. Lafiyayyun da suka tafi da sauri, a lokacin da nake nema, suna tsakanin dala 8,500 da 9,500. Na kuma jira kaka. Daga ƙarshen Satumba mai jirgi ya fara tunanin kuɗin ajiyar hunturu, zuciyarsa ta fi laushi fiye da a watan Mayu da kowa ke rububi.

Na farkon da na ɗauka da muhimmanci na 1987 ne, ja da fari, yana ƙyalli, sabon kushin, sabon kafet, an sa masa dala 8,500. Da na nuna wa dattijon hotunan bai ce uffan a kan fentin ba. Ya shiga garejinsa ya ɗauko sifana ya miƙo mini.

"Ka ɗaga akwatin inji, ka nemi manyan kusoshin da suka ɗaure injin da jikin jirgi, ka gwada ƙara musu ɗauri. In sun cije, ci gaba da dubawa. In suna ta juyawa ba su kama komai ba, ka yi wa mutumin godiya ka dawo gida."

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera jiragen wancan zamani. A ƙarƙashin daɓe akwai dogayen katakai da suka bi tsawon jirgin, an lulluɓe su da faiba. Su ne ƙashin bayansa, a kansu inji yake zaune, su ke ɗaukar ƙarfin da farfela ke turawa. Katako shi ne abin da kusan kowa ke amfani da shi a lokacin. MasterCraft ya bar shi tun a shekarun 1980, Correct Craft kuma a 1993. Katakon ba shi da laifi muddin yana bushe. Amma jirgin da aka bari a waje ba rufi, ruwan sama da dusar ƙanƙara na taruwa a ciki shekara da shekaru, danshi sai ya bi ramukan kusoshi ya shiga, katakon ya ruɓe a cikin rigarsa ta faiba, daga waje kuwa ba ka ganin komai. Tsakanin katakan akwai soso da aka zuba don kada jirgi ya nutse in ya cika da ruwa. Shi ma idan ya sha ruwa ba ya sake bushewa, sai jirgin ya yi ta yawo da nauyin da ba nasa ba, ya zauna ƙasa-ƙasa a ruwa, ya ƙi tashi da sauri.

Kusoshin jan jirgin sun yi ta juyawa. Na taka daɓen kusa da ƙarfen da ake ɗaura igiya, na ji yana lotsawa a ƙarƙashin sabon kafet ɗin. Ban tsammanin mai shi yaudara ya shirya. Bai daɗe da sayensa ba, ya kashe kuɗi a inda ido ke gani. Na kira wani wurin gyara na tambayi kuɗin sauya katakan. Aikin ya ƙunshi ciro inji, yanke daɓe gaba ɗaya, kwashe jiƙaƙƙen soso, sannan a sake ginawa, kuma sun ce in shirya dala dubu shida zuwa bakwai, in ba a tarar da wani abin ba. Jirgin dala 8,500 ya koma na dubu goma sha biyar ke nan, alhali ko an gama ba zai sayu a sama da dubu goma ba. Ban ma taya ba, don tayin da ya dace da shi zai zama cin fuska.

Wanda na saya na 1988 ne, kuma a hoto ba shi da kyan gani. Rana ta cinye launinsa, kushin ya yage a wurare da yawa. Uwargida ta kalli hoton ta ce, "Baban yara, wancan mai kyau ka bari, wannan ragargajajjen za ka kawo mana?" Na ce ta karanta layin ƙarshe na tallar. Mai shi ya rubuta cewa an sauya katakan ƙasa da daɓe shekarun baya, yana da rasit da hotunan aikin. Da na je kuwa ya fito da su a cikin fayil, na sa sifana, kusoshin suka cije.

Na roƙe shi tun a waya kada ya tayar da injin kafin in iso. Injin da ya ɗumama yana ɓoye abubuwa da yawa, don haka hannu na fara ɗorawa a kansa in tabbatar da sanyi yake. Na zaro sandar gwada baƙin mai. A Minesota wannan ya fi komai, domin waɗannan injuna ba su da lagireto, ruwan tafki suke zuƙa su sanyaya kansu. In ba a tsiyaye ruwan ba kafin hunturu, sai ya daskare a ciki ya fasa bulok. Alamarsa ita ce mai ya koma launin madara, ko ka ga layin tsatsa a gefen bulok, ko wurin da aka shafe da gam aka bi da fenti. Man nasa baƙi ne sosai, yana neman canji, amma ba ruwa. Man giyabos ja ne, ba ƙaurin ƙuna. Bayan injin ya yi zafi na cire fulogai takwas na auna matsin kowace silinda da ma'aunin da dattijon ya ara mini: duka sun faɗa tsakanin 135 da 145. Ba yawan lambar kaɗai ake dubawa ba, kusancinsu ake so, kada tazarar ta wuce kashi goma cikin ɗari.

Mitar awoyi ta nuna 1,100 da 'yan kai. Mutane na tsoron wannan lamba, su ruga wajen jirgin da ke nuna awa 300. Ni a ganina jirgi mai shekara talatin da wani abu da awa 300 zaman banza ya yi, kuma zama ne ke busar da robobi, ya toshe kafireta da ruɓaɓɓen fetur. Ita kanta mitar ana iya sauya ta da sabuwa. Ma'aunin matsi da fayil ɗin rasit sun fi ta gaskiya.

Abu ɗaya na gani da ban so ba: an sa masa kik na mota, wato na'urar da ke tayar da inji. Ya yi daidai da injin, yana kuma aiki, amma na jirgi an rufe shi ne yadda tartsatsi ba zai fita ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a mota yana zuba ƙasa ya tafi, a jirgi kuwa cikin ramin inji yake kwanciya. Shi ya sa ake kunna fankar zuƙe iska na minti huɗu kafin a murza makulli. Na rubuta kik a takardata.

Ba a cinikin biri a sama. Mai jirgin ya so mu tsaya a gwajin tiyo a ƙofar gida, inda ake haɗa wa injin ruwan famfo, na ce sai mun shiga tafki, ni zan biya fetur. A tiyo inji ba ya jan kaya, kowane gajiyayye zai yi ƙara mai daɗi. A ruwa na sa giya gaba da baya ina sauraren ko zai yi ƙwaram, na bar shi a silo in ga ko zai mutu, sannan na danna totur har ƙarshe. Ya kai kusan juyi 4,400 a minti, inda ya kamata wannan inji ya kai, zafinsa bai haura ba, matsin mai bai faɗi ba. Akwai 'yar rawa a sitiyari a tsakiyar gudu, wadda daga baya muka ga bakin farfela ne ya ɗan lanƙwashe. Ɗana ya shiga ruwa aka ja shi, jirgin ya tashe shi ba gardama. Da muka tsaya na ɗaga akwati na leƙa inda dogon ƙarfen nan ya huda jirgin. Ɗigo kaɗan-kaɗan a wurin daidai ne, haka aka yi shi; nasa ya ɗan yi yawa, amma gyaran kuɗi kaɗan ne.

Tirelar da ake jan jirgin a kai mutane kan manta da ita, alhali ita za ta bi babbar hanya da kai. Tayoyinta ba su cinye ba, amma lambobi huɗun ƙarshe da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar ƙira, sun nuna sun haura shekara goma. Na ɗaga ƙafa ɗaya na juya, boris na gurnani. Birkinta ma ya daina kamawa. Takardu kuwa ba su ɗau lokaci ba. Kowane jirgi yana da lamba mai harafi da alƙaluma 12 a bangon baya ta dama. Ta Correct Craft tana farawa da CTC, biyun ƙarshe kuma su ne shekarar samfuri. Na ga 88, na ga ta yi daidai da takardar mallaka, wadda a Minesota dole ce ga jirgin da ya wuce ƙafa 16, sunan mutumin ne a kai, kuma ba bankin da ke bin jirgin bashi.

Kuɗin da ya sa dala 7,500 ne. Ba'amurke ba ya son irin tayin kasuwar Kurmi, ka raba kuɗi biyu ya ce albarka ku yi ta ja. Yawancinsu sai su ɗauka raini ne su rufe magana. Takarda suke girmamawa. Na fara da 9,000, kuɗin lafiyayye a littafina, na zauna da shi muna cirewa: kushin 2,000, tayoyi da boris da birki 600, kik na jirgi 200, baƙin mai da robar famfon ruwa da toshe ɗigo 300, gyaran farfela 150. Goge launin ban sa ba, don da hannuna zan yi. Ya rage 5,750, shi na taya. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya bai musa ko ɗaya ba, sai ya ɗora hannu a kan fayil ɗin ya ce aikin katakan nan ya fi abin da nake tayawa tsada, kuma na san haka. Gaskiya ya faɗa. Kuɗin gyara ba ya dawowa gaba ɗaya a ciniki, amma jirgi irin wannan da shaidar sabbin katakai ba kullum ake samunsa ba, kuma ni abin da na fito nema ke nan. Ya sallama a 6,200, ya haɗa mini da igiyoyi biyu da rigunan ruwa. Na ba da kafin alƙalami, washegari muka haɗu a banki na biya saura, ya sa hannu a takardar mallaka.

Boris da tayoyi na fara sauyawa kafin in ja shi zuwa gida, kik kuma kafin ya sake shiga ruwa. Fetur nake sa masa wanda ba a gauraya da sinadarin etanol ba, wanda wasu gidajen mai a jihar ke sayarwa don jirage da tsofaffin motoci, saboda kafireta da tsofaffin tiyo ba sa shiri da gaurayen. Kushin ɗin har yanzu yana nan a yage, an rufe shi da tawul. Kuɗinsa na ajiye a gefe saboda bututun hayaƙin injin, masu ruwa a jikinsu, na asali ne tun 1988, kuma dattijon ya ce in sun huje ta ciki ruwa cikin silinda yake zuwa kai tsaye.