Yau sun saki

Ranar Asabar na raka Baffa fadama, muka tarar ruwan Kogin Challawa ya sake launi. Baƙi-baƙi, da kumfa a gefe, ga wari kamar fatar da ta kwana uku a jiƙe. Ya tsuguna ya ɗebo a tafin hannu, ya sansana, ya zubar. "Yau sun saki," ya ce, ya ci gaba da jan tiyo zuwa fangalin latas. To ya zai yi? Rani ne, babu wani ruwan.

Ni bakina ba ya iya zagin kamfanonin fata kai tsaye. Ƙanena a ɗayansu yake aiki a Challawa, kuma albashinsa ne ya fito da Inna daga asibiti bara. Fata ai gadonmu ce. A da, ita ayari ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Sai dai majeman da, da bagaruwa suke jima, abin da ƙasa ta haifa ta kuma iya shanyewa. Yanzu sinadarin kuromiyom ne, mai sauri, kuma ragowar ruwansa in ba a tace ba kogi yake nufa. Kogin kuwa ba a ƙofarmu ya tsaya ba. Yana haɗewa da Kogin Kano, ya ratsa Wudil, ya gangara Haɗejiya, har dausayin Baturiya inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu.

Baffa ya ce kafin a datse ruwan a Ƙaraye a 1992, ambaliya kan wanke fadama duk shekara, yara su kama tarwaɗa da hannu a kududdufi. Ni ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne tifofin yashi suna cinye gaɓa, da mu kanmu da muka sare bagaruwar bakin kogi muka dafa tuwo. Laifi tudu ne.

Na tambayi ƙanena ko suna da wurin tace ruwa. Ya ce akwai, amma dizal yake ci, shi ya sa ba kullum ake kunnawa ba. Na ce ya riƙa faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai za ka ba ni wani aikin?"

Da damina ni da Baffa muka dasa bagaruwa ashirin a gaɓa, muka kewaye su da ƙaya saboda awaki. Bakwai suna nan. Da ruwan rijiya muke shayar da su.