Kwana 9 a Abijan: na tafi yawon cin abincin titi, na iske 'yan Adar a bakin kasko

Tun bayan ƙaramar salla nike tara kuɗin tafiyar nan, yau jika biyar gobe jika goma, sai da konje na ya fito a watan Disamba sannan na yanki tikiti. Mu biyu munka shirya, ni da wani abokin aikina Kirista wanda ya taɓa yin kos na wata shida a Dublin, kuma tun da ya dawo bakinshi bai huta da labarin mashayun 'yan Ailan ba, waɗanda suke ce ma pob. A fadarmu ta Bukoki munka zauna da dare, shayi na bisa gawayi, kowa ya faɗi abin da zai kai shi. Ni na ce abincin bakin titi, ban son restoran ban son abincin otal. Shi ya ce dare ɗaya tak zan raka shi pob, sauran kuma mu zaga maki, wato wuraren ci da sha na waje da 'yan Abijan ke zama da dare. Na ce ka dai san ni ban shan giya, ya ce ai ba sai da ita ake zama ba. Munka samu takarda munka raba kwanaki, kowace rana da unguwarta: Ajame, Tireshbil, Kokodi, Yopugon, Markori.

Mota ba ta shiga lissafi ba ko kaɗan, hanyar Burkina ta wajen Torodi kowa ya san halin da take ciki, iyakar Benin kuma an rufe ta tun 2023. Jirgi munka hau daga filin Diori Hamani, kamar awa biyu muna Por-Buwe, inda filin jirgin Abijan yake. Canjin kuɗi babu, sefarmu ce sefarsu, sai dai ka riƙe karnen rigakafin shawara kusa da fasfo, kuma ka maida agogo baya da awa ɗaya. Zafinsu ba irin namu ba ne, mu rana ke ƙona mu, su iska ce jiƙaƙƙa take manne ma fata, kafin mu samu taksi rigata ta jiƙe sharkaf.

Kafin in taso inna ta kira ni daga Tawa ta ce kar in kuskura in dawo ban ga ƙanenta ba, wanda ya fi shekara ashirin yana bida a Kodebuwa. Ni a raina gaisuwar awa ɗaya ce in wuce. Ashe shi ne zai cinye rabin tafiyar.

Kawu garba yake saidawa a wani lungu na Ajame. Wanda bai sani ba, garba abinci ne, aceke da soyayyen kifin ton, kuma sunan daga wajenmu ya fito, don 'yan Nijar ne sunka yi suna da sai da shi har mutanen gari sunka laƙaba ma abincin sunan Garba. Rumfar kwano ce da benci uku da wani baƙin kasko mai faɗi wanda mai ke tafasa cikinshi tun safe. Kana zuwa sai ka ɗauki cokali mai yatsu ka soke yankan kifin da kake so, wanda ka soka ya zama naka, yaro ya zuba ma aceke a faranti, ya watsa yankakken tonka ɗanye da albasa da tumatir, ya murmushe magi a kai, sannan ya ɗebo man da aka soya kifin ya kwarara. Da hannu ake ci. Aceken nan rogo ne da aka bari ya yi tsami aka turara, tsamin da gishirin kifin da zafin tonka in sun haɗu a baki sai ka ji gumi na sauka ta bayan kunne. Na sha cin aceke a Yamai amma wallahi ba ɗaya ba ne, na can sabo ne, yana da laushi, bai bushe a hanya ba. A Disamban 2024 ma UNESCO ta sa sana'ar yin shi cikin kayan gadon duniya. Da dala ɗari na ƙoshi har la'asar.

Da kawu ya gane ni sai ya aje mataci ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Ɗana, kai ne haka? Ina innarka, ina mutan gida, an samu damana?" Yaran da ke aiki ƙarƙashinshi huɗu, biyu 'yan Buza, ɗaya ɗan Keita, ɗaya ɗan Illela, babu wanda ya kai shekara ashirin da biyar. Ya ɗauko albasa ɗaya daga buhu ya miƙo min ya ce duba da kyau, ta Galmi ce. Ban san sanda idona ya cika ba. Mu 'yan Tawa mun tashi muna jin wane ya tafi Abijan, wane ya aiko da kuɗin hatsi, wane ya yi ginin siminti, amma ban taɓa tsayawa na ga da wane irin tsayuwa ake samo kuɗin ba sai ranar.

Sauran abincin na bi su kamar yadda takarda ta ce. Aloko a alokodrom na Kokodi, ayaba nunanna soyayya da gasasshen kifi, akwai daɗi amma kiran masu saidawa ya yi yawa. Kejenu na kaza a Tireshbil, wanda ake dafawa a rufaffiyar tukunya ba a ƙara ruwa, wannan kam na yaba. Naman da suke ce ma shukuya kuwa balangunmu ne, masu gasa shi ma yawanci mutanen sahel ne, kuma na Yamai ya fi shi yaji.

Daren Asabar na cika alkawari munka tafi pob a Zon 4. Ciki duhu-duhu, katako baƙi ko'ina, dogon kanta, tutoci kore da fari da ruwan lemu, talabijin uku duk ƙwallon Ingila. Abokina ya nuna min yadda ake zuba Guinness, a cika kofi ya kusa kaiwa, a aje shi kumfa ta kwanta, sannan a ƙarasa, ya ce tun 1759 ake yin ta a Dublin. Ya ce can ƙasarsu pob kamar fada take, maƙwabta ke haɗuwa, wani ya zo da gogensu wani da sarewa wani da ɗan ganga mai faɗi, su zauna teburi ɗaya su yi ta kiɗa. Wannan ɓangaren ya burge ni ƙwarai. Amma a nan babu goge babu maƙwabta, Turawa ne ma'aikata da 'yan gari masu hali, kowa da wayarshi. Malta ɗaya na sha, kuɗinta ya kai farantin garba uku. Na ji daɗin ganin farin cikin abokina, don na ga wurin ya tuna mishi da wani zamani na rayuwarshi, amma ni dare ɗayan ya ishe ni.

In fada kake nema a Abijan, maki ne fadarsu. A Yopugon munka ga haka, kujerun roba har bisa kwalta, hayaƙin gasasshen kifi, zugulu da kupe-dekale na tashi daga bafula kamar za su tsaga ƙirji, tsoho da yaro kowa na rausayawa. Shahararren titin nan Ru Pirinses an rushe mashayunshi tun 2011, amma daren unguwar bai mutu ba, ya watsu ne cikin lunguna. Ruwan citta na yi ta sha, mai zafin gaske, babu wanda ya dube ni don ban riƙe kwalba ba.

Wajen ƙarfe huɗu na asuba munka fito, na ce ma mai taksi ya bi da mu ta Ajame. Mutane na komawa gida barci, su kawu kuwa har sun kunna fitila, ɗan Keita na wanke kifi a baho hannunshi duk yankan wuƙa da gishiri, ɗan Illela na yanka tonka yana hamma. Na sallami abokina ya wuce otal, ni na tsaya munka yi sallar asuba tare a kan kwali bayan rumfa. Daga ranar na bar bin takarda, Garan-Basam ma, garin bakin teku kusa da Abijan da munka sa a ranar ƙarshe, shi kaɗai ya je.

Ranar da zan taso kawu ya ba ni aceke ƙulli goma a leda da ambulan na inna. Yaran ma kowa ya kawo nashi saƙon, ɗan Buza ƙarami ya rubuta lambar mahaifiyarshi a bayan kwalin magi ya ce, "Yaya, in ka isa Tawa ka kira ta, ka ce ka gan ni da idonka, lafiyata lau." Ranar Juma'ar da ta biyo na hau kar na tafi Tawa, tun daga tasha na kira ta.