Na dawo daga Badagry lafiya, ga godiyata

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah jiya bayan la'asar na sauka a gida, kuma tun a motar Gumel nake tunanin yadda zan yi da godiyar nan, don wlh in na ce gida-gida zan bi sai an gama girbin dawa ban gama ba. Ku yi haƙuri da tsayin rubutun.

Ga waɗanda ba su san inda na ɓace ba, har na ji wasu na cewa ci-rani na tafi (wa ya taɓa zuwa ci-rani da damina dan Allah), sati takwas na yi a Badagry can ƙarshen Legas ta wajen bodar Seme, a cibiyar da ake ce wa Ƙauyen Faransanci da ke Ajara. Gwamnatin tarayya ce ta kafa ta a 1991 don ɗaliban jami'a masu karanta Faransanci su je su zauna cikin yaren ba sai an kai su ƙasar waje ba. Shekara biyu ina karatun nan a Kano, ina cin jarrabawa lafiya lau, amma da an ce buɗe baki ka yi magana sai in ji kamar an zuba min gari a baki. Shi ya sa da dogon hutu ya zo na nace sai na je.

Inna ce farko. Tunkiyar nan da kuka yi shekara kuna kiwo kuna cewa ta auren ƙanwata ce, ita aka kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuka haɗa da ɗaukar adashinku kuka ƙulle a bakin zane kuka ba ni ba ku ko ƙirga a gabana ba. Ga ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu, wanda wlh shi ya riƙe ni a satin farko da cikina ya ƙi karɓar abincinsu. Inna ba kwa Facebook amma na san za a karanta muku, Allah ya ba ni ikon mayar muku da garke guda, Allah ya kai ku Makka.

Baba ba su yi dogon zance ba, ka riƙe sallah kawai suka ce, sai da na zo shiga mota na ji an cusa min wani abu a aljihu. Allah ya ƙara girma. Yaya da ƙannena biyu kuwa ku kuka ɗauki nauyin da ya fi ba ni kunya, na tafi ana gama noman farko na bar muku maimai da komai, na dawo na tarar har ana cin tumu, zoɓon da na shuka a gefe ma ba ku bar ciyawa ta cinye shi ba. Na ci bashi, na sani.

Sai Kawu. Shi fa da farko bai yarda da tafiyar ba, a zaure ya zaunar da ni ya ce kai yanzu mutanen Nijar sun sallami sojojin Faransa tun ƙarshen 2023, a 2025 ma sun ce Hausa ce harshen ƙasa, kai kuma sai yanzu za ka kwashi kuɗi ka je koyon yaren da masu shi ke ajiyewa? Na ce Kawu ai ba su ajiye ba, a ofis da takardu har yanzu da shi ake aiki, kuma ga Chadi ga Kamaru ga Benin, duk ƙasashen da suka zagaye mu shi ne. Bai ce komai ba ranar. Ina tashar Sabon Gari zan hau doguwar motar Legas sai ga alat, shi ne ya turo kuɗin mota. Kawu na gode, kuma gardamar ba mu gama ba.

Ɗan garinmu da ke sayar da raguna a Alaba Rago, wanda ya tarbe ni da asuba ina jigace ƙafafuna sun kumbura, ya ba ni ruwan wanka da shayi ya bar rumfarsa ya raka ni har ya ga na shiga motar Badagry, Allah ya buɗa kasuwa.

To a can ɗin, mu huɗu ne a ɗaki, ni da Bayarabe ɗan Ogbomosho da Inyamuri ɗan Nsukka da wani ɗan Binuwai. Mu da kanmu muka kafa doka duk wanda ya yi Turanci ko yarensu a ɗaki naira hamsin a gwangwani. Satin farko rabin kuɗin gwangwanin nan nawa ne, har sai da na koma yin shiru kamar sabuwar amarya. Babbar matsalata p da f, kun san mu dai. A Faransanci burodi pain ne yunwa kuma faim, ni kuwa duk abu ɗaya nake faɗa, sai in tashi a aji zan ce ina son burodi in ce ina son yunwa, aji ya kwashe da dariya. Wata malama ce, 'yar Togo, ta tsare ni bayan lakca kullum minti goma, ta ce wannan ka haɗe leɓɓa biyu, wancan ka ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa, muka yi ta yi kamar ɗan makarantar allo da baƙi. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya biya ta. Madam merci beaucoup, Allah ya raya miki zuri'a.

Amma fa nima na rama. Da aka zo maganar namiji da mace a sunayen abubuwa sai abokaina suka rikice, su a yarensu tebur ba namiji ba ne ba mace ba, ni kuwa na ce ai mu tun a goye muka san riga mace ce wando namiji. Sai dai wani wuri sukan juya mana, mu rana mace wata namiji, su kuma rana namiji wata mace. Haka tu da vous, ai kai da ku ne, wanda ya tashi bai taɓa ce wa mahaifinsa kai ba wannan ba sai an koya masa ba. Lissafi ne dai har yau ban yafe musu ba, tamanin sai su ce huɗu sau ashirin, casa'in da bakwai kuma huɗu sau ashirin da goma da bakwai, ana ciniki mutum na lissafin firamare.

Sati na uku zazzaɓi ya kwantar da ni, sauron bakin ruwa ba irin namu ba ne. Yaran nan uku su suka kama ni zuwa asibiti da dare, ɗan Nsukka ya cire gidan sauronsa ya ɗaura min shi ya kwana haka, ɗan Ogbomosho kullum shi ke tashina sallar asuba. Kuɗin gwangwanin ma da shi aka sayo min lemo da magani. Ban gaya wa gida ba sai yanzu, Inna ku yafe ni.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zuwanmu Kwatano. Mun tsallaka ta Seme, muka hau zemijan ɗinsu masu rigar ɗorawa, 'yan acaɓa ke nan, muka shiga kasuwar Dantokpa na yi cinikin atamfa da Faransanci tun daga taya har sallamawa, matar ba ta juya zuwa Turanci ba ko sau ɗaya, na fito ina jin kamar an ba ni digiri. Daga nan na nemi Zango don in yi azahar, na haɗu da wani dattijo ɗan Damagaram mai sayar da albasa. Muna hira ya ce ɗansa na lakwal, mushensu ya ce yana da ƙoƙari. Sai na tsaya. Lakwal ai l'école ne, mushe kuma monsieur, jandarma ma haka. Kalmomin da na tashi ina ji duk Alhamis a kasuwar Maigatari a bakin baƙin Baba, ina ɗauka Hausar Nijar ce kawai har muna kwaikwayonsu muna dariya. Wato ni na je har bakin teku neman abin da ke shigowa garinmu duk sati bayan raƙuma da shanu. Dattijon ya ƙi karɓar kuɗin furar da na sha, ya kuma koya min yadda suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar, jika kuma dubu. Allah ya mayar da shi gida lafiya.

Tekun ma na gani, da gidan benen nan na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Najeriya, da wurin da a da ake loda bayi a jirgi. Wannan labari ne na wata rana, ba ya shiga cikin godiya.

Malamanmu na sashe da suka sa min hannu a fom cikin kwana biyu, 'yan ajinmu da suka yi min karo-karo, ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu, liman da ya sa aka yi min addu'a bayan Juma'a, mai shagon caji da ya riƙa kai wa Inna waya har gida in na kira, duk na gode. Wanda na manta ya yi min uzuri, gajiyar hanya ce ba raini ba.

Saura jarrabawar DELF, ta shaidar iya Faransanci, da nake son rubutawa a cibiyar Alliance Française ta Kano in Allah ya hore kuɗin, a taya ni da addu'a. Masu tambayar tsaraba atamfa ɗaya ce kuma ta Inna ce, sai garin kwaki rabin buhu, wanda ya riga zuwa ya samu. Alhamis mai zuwa in sha Allah ina kasuwar dabbobi ta Maigatari gefen Baba, duk mai wata takardar Nijar da ya rasa mai karanta masa, ta asibiti ce ko ta dabbobi, ya kawo in duba, ba ko sisi.