Daƙiƙa huɗu tsakanin kwalba biyu

Ni na kawo maganar bakod asibitinmu, wato zanen layukan nan da ake mannawa a kwalbar jini na'ura ta karanta, shi ya sa abin ya fi ci min rai. Da wani ne ya ƙaƙaba mana, da na samu wanda zan jingina wa laifi.

Ƙaramin asibitin kuɗi ne a ɓangaren Zango a Kumasi, yawancin masu zuwa mutanen Aboabo ne da Asawase da Sawaba. Mu uku ne a ɗakin gwaji. Shekara da shekaru da biro muke rubuta suna a jikin kwalba, mu kwafa a babbar rajista, kuma duk wanda ya yi aikin nan ya san yadda rubutu ke narkewa idan safar hannu ta jiƙe da sifirit. Wata shida na yi ina damun mai asibitin kafin ya yarda ya sayi firintar sitika, da sikana, da manhajar da za ta haɗa su. Daga nan kowace kwalba ta samu tarihi: wa ya ɗebi jinin, ƙarfe nawa, yaushe ta shiga kula (akwatin sanyi), yaushe mai babur ya karɓa, yaushe ta isa babban ɗakin gwajin da muke tura wa abin da ba mu da injinsa. Wannan ɓangaren ya yi aiki, ba sai na tsaya a kansa ba. Ƙananan abubuwa mun koye su cikin mako biyu: sitikar da zafi ke bugawa tana baƙi idan sifirit ya taɓa ta ko ta sha rana a akwatin mai babur, kuma a tsaye ake manna bakod bisa tsawon kwalba, in ka naɗe shi kamar ɗamara sikana ba za ta karanta ba.

Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne inda firintar take. Guda ɗaya muka saya, muka ajiye ta a teburin rajista, kusan taku goma sha biyar daga kujerar ɗibar jini. Saboda haka muka saba: ka fitar da sitika a can, ka riƙo ta a hannu, ka zo ka ɗebi jini. In layi ya yi tsawo, ka fitar da na mutum biyu ko uku gaba ɗaya don kada ka yi ta safa da marwa.

Ranar wata Asabar ce cikin watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son a ɗaura aure kafin azumi. Wata Hajiya ta shigo da 'ya'yanta tagwaye mata. Ba zan faɗi sunansu ba, amma kowa ya san sunan da muke ba tagwaye, kuma a katinsu da harafin H duka biyun suka fara. Sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gida ɗaya, har lambar wayar da aka bayar ta uwar ce. Babbar ce za a aurar, limamin unguwarsu ya ce sai an kawo takardar gwajin sikila, angon kuma ya riga ya yi nasa a wani wuri ya fito AS, wato yana ɗauke da gadon sikila amma ba shi da ciwon. Hajiya ta ce tunda an zo, a yi wa duka biyun.

Ga inda na sake cutar kaina. Lokacin da ake tsara sitikar, ni na ce a riƙa buga sunan uba cikakke, sunan mutum kuma harafin farko kawai, don rubutun ya shiga ƙaramar kwalba. Sai ga sitika biyu a hannuna, ido ba ya iya bambanta su sai da dogon lambobin da ke ƙarƙashin bakod.

Na kira sunan babbar ina juya baya ina sa safar hannu. Da na waiwayo, wata ta zauna. Ban tambaye ta komai ba. Ashe babbar tsoron allura take, ta ja da baya, ƙanwar ta shige gaba ta zauna don ta ƙarfafa mata gwiwa. Mayafinsu iri ɗaya, ni kuma ban san su ba. Na ɗebi jini a kwalba mai murfin shunayya, na ajiye a katako ba sitika, domin ta biyun ta riga ta zauna tana rintse ido, ba na so ta canza shawara. Na ɗebi nata. Sannan na manna sitika ta farko a kwalbar farko, ta biyu a ta biyu, na haska sikana, fit, fit. Allon ya nuna kore sau biyu. Na ce musu su dawo ranar Talata.

Sakamako ya fito: amarya AS, ƙanwa AA, wato ba ta ɗauke da gadon sikila.

A Kumasi ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba. A nan aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma kusan jariri ɗaya cikin 50 da ake haifa a Ghana yana zuwa da ciwon. Da wuya ka samu dangi a Zango da ba su taɓa kwana a asibiti da yaro mai kukan ƙashi ba. AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai ciwon sikila. Baffan angon ya binne ɗa da wannan ciwon. Da takardar ta isa hannunsa, ya ce a dakata. An riga an kai goro, an sa rana, ana haɗa lefe.

Ni ban san ko ɗaya cikin wannan ba, sai bayan kwana tara da Hajiya ta dawo ita kaɗai da wata leda. Ta ciro tsofaffin takardun gwajin da aka yi wa yaran lokacin shiga sakandare. Ta ce, “Ɗana, ni ban yi boko ba, amma ni na haife su. Wadda aka ce tana da abin nan tun wancan lokacin ƙaramar ce, ba wannan ba.”

Amsar da na ba ta ita ce har yau nake jin kunyarta. Na ce, “Mma, yanzu kwamfuta ce ke aikin, ba ta kuskure.” Na ƙara da cewa gwajin makaranta na ɗigon jini a gilashi ne, yana iya ruɗar mutum, namu kuwa na raba nau'in jini da lantarki ne. Gaskiya ne wancan gwajin bai kai wannan ba, amma ni ba gaskiya nake nema ba a lokacin, mafaka nake nema. Ta dube ni ta ce, “To, a sake.”

Da aka tashi aiki na buɗe tarihin kwalaben a manhaja, da niyyar in buga mata hujja in nuna mata komai ya tafi daidai. An fitar da sitika biyun ƙarfe 9:41, minti ɗaya. An haska ta farko 9:52 da daƙiƙa 10, ta biyu 9:52 da daƙiƙa 14. Na daɗe ina kallon lambobin nan. Ba ɗan adam da zai ɗaure hannu, ya nemo jijiya, ya cika kwalba, ya jujjuya ta sau takwas don jinin ya gauraya da EDTA, maganin da ke hana shi daskarewa, ya sa auduga, cikin daƙiƙa huɗu. Na'urar da na ce ba ta kuskure ba ta yi kuskuren ba. Ta rubuta nawa ne tsaf, da sunana a gefe. Jikina ya yi sanyi.

Washegari abokiyar aikina ta sake ɗibar jinin, ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, kowacce da Ghana Card ɗinta, wato katin ɗan ƙasa, a hannu. Amarya AA, ƙanwa AS.

Abokan aiki sun yi ta ba ni haƙuri, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban karɓi wannan ba. Tsautsayi daban, al'adar da na gina da hannuna daban. Bakod sitika yake bi, bai san jinin da ke cikin kwalba ba. Duk tarihin nan da nake alfahari da shi, daga kula zuwa babur zuwa inji, ya fara ne daga lokacin da aka manna sitika. In an manna ta a kwalbar da ba ita ba, tsarin zai raka kuskuren har ƙarshe cikin tsari da nutsuwa, ya kuma buga masa hatimi. A zamanin biro ma, da na rubuta suna da hannuna, wataƙila da na ɗaga kai na ce, “Wace ce ke a ciki?” Koren allon ne ya cire min wannan ɗar-ɗar ɗin.

Na rubuta rahoton abin da ya faru, na sa hannu. Na yi kwanaki ina tunanin lasisina, domin majalisar da ke kula da ma'aikatan lafiya irinmu ba ta wasa da irin wannan. Ni da mai asibitin muka je gidan Hajiya bayan la'asar, muka durƙusa. Daga can aka haɗa mu da wani dattijo zuwa wurin baffan ango, wanda ya saurare mu har ƙarshe sannan ya ce, “Malam, jiya takardarku ta ce haka, yau ta ce haka. Wacce zan ɗauka?” Ba ni da amsa. Ya ce sai an yi na uku a Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, mu kuma muka biya. Ya fito AA. An ɗaura auren, amma sai bayan ƙaramar Sallah, kuma na ji akwai waɗanda har gobe suke cewa an je an gyara takarda ne. Yarinyar ba ta ji ba ta gani ba.

Abin da muka canza ba shi da yawa, kuma kusan duka a kan daƙiƙa huɗun nan yake. Firinta ta koma gefen kujera. Dogon waya da ɗan shiryayye kawai abin ya ci, kuɗin bai kai na gwajin da muka biya a Gee ba, kuma wannan lissafin yana ba ni haushi duk lokacin da na tuna. Yanzu sitika ba ta fita sai jini ya shiga kwalba, kuma mutum ba ya tashi daga kujera sai an manna, an haska, an nuna masa. Na sa mai manhajar ya cire maɓallin buga sitikar mutane da yawa lokaci ɗaya, ya ce ai sauran asibitoci suna son sa, na ce su riƙe. Ya kuma sa mana gargaɗi idan ma'aikaci ɗaya ya haska kwalaben mutum biyu cikin ƙasa da minti biyu. Suna kuma cikakke ake bugawa, ko da rubutun zai ƙanƙance.

Tambayar ma mun gyara ta. Ba a cewa “Ke ce wance?” Mutanenmu suna da kawaici, tsohuwa za ta ce “Na'am” ga duk abin da mai farar riga ya faɗa, ko ba ta ji ba. “Hajiya, faɗa min sunanki da na mahaifinki,” haka ake yi, ka yi shiru ta faɗa da bakinta. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce shaida biyu, suna da ranar haihuwa, amma wanda ya rubuta ta bai yi aiki a Zango ba. Da na bincika rajistarmu bayan abin nan, sai na ga tsofaffi da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu, domin ba a san ranar ba aka cike gurbi. Ga takwarori, gida ɗaya jikoki uku duk sunan kaka ɗaya. Ga suna ɗaya da rubutu uku, katin inshorar lafiya na NHIS ya rubuta daban, na ɗan ƙasa daban, na asibiti daban. Shi ya sa muka ƙara lambar kati a matsayin shaida ta uku. Tagwaye kuwa, ɗaya ke shiga ɗaki.

Ranar da dumsor ya zo, wato aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, mukan koma biro. Nan ma dokar ɗaya ce: a kujera ake rubutawa, mai jinin yana kallo. Sabon yaron da muka ɗauka ya ce wannan tsarin yana cinye lokaci, layi na tsawo. Yana cinyewa. Na kai shi gaban kwamfuta na nuna masa 9:52 ɗin nan, ban ɓoye masa sunan wanda ya yi ba.

Mutane in na ba su labarin, hankalinsu kan amarya yake tafiya. Ni ƙanwar ce ke hana ni barci. Amarya an ba ta mummunan labari na ƙarya, shi ya sa aka yi hayaniya har gaskiya ta fito. Ƙanwar kuwa labari mai daɗi na ƙarya na ba ta, kuma ba wanda ke dawowa asibiti ya yi ƙorafi don an ce masa AA. Da uwarsu ba ta adana takardun sakandare a leda ba, da yarinyar nan ta riƙe takardata shekara biyu ko uku, ta miƙa wa liman, ta auri AS hankali kwance, ni kuma ba zan taɓa sani ba.

Na karɓo tsohuwar takardar da hannuna, na soke ta, na ba ta sabuwa, likita ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Tana fita sai ta juyo ta ce, “Yaya, na fa ɗauki hoton waccan tun ranar, na tura wa mutane a WhatsApp.” Na tambaye ta su wa. Ta ce ƙawayenta, da wata gwaggonsu a unguwar Nima ta Accra, da wani da ke nemanta. Na roƙe ta ta tura musu sabuwar ta ce su goge tsohuwar, ta ce za ta yi. A manhajarmu an rufe maganar, an rubuta an gyara sakamako. Hoton kuwa, da hatimin asibitinmu da sa hannuna a ƙasa, ban san wayoyi nawa yake ciki ba.