Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na kwance injin babur ɗin Baba

A makon jiya na tsaya a inda babur ɗin ya fara fitar da hayaki mai shuɗi-shuɗi ta salansa, har ta kai ina ƙara masa baƙin mai duk bayan 'yan kwanaki. Mitarsa ta haura kilomita 94,000, kuma tun da Baba, Allah Ya jiƙansa, ya saye shi, ba a taɓa buɗe cikin injin ba. Mutane da dama sun ce in sayar in huta. Na kasa. Abin da ya kai ni makaranta shekara da shekaru, ina riƙe da rigar Baba ta baya, ba zan rabu da shi don ya tsufa ba. Sai na yanke shawarar yi masa garambawul da hannuna, a gida.

Kafin in taɓa noti ko ɗaya, sai da na tabbatar da inda ciwon yake. Na cire fulogi, na tarar da bakinsa baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Na ari ma'aunin matsin iska na ɗaura a ramin fulogin, na buga kik: allurar ta tsaya ƙasa. Na zuba ɗan baƙin mai kamar cokali guda a ramin, na sake bugawa, sai ta ɗaga sosai. Man ya toshe giɓin da ke tsakanin fistin da bangon silinda na ɗan lokaci, wato zobban fistin ne suka cinye. Da bawul ne ke yoyo, da allurar ba ta motsa ba.

Washegari da sassafe na shimfiɗa kwali, na tsiyaye mai, na sauke tanki da kafireta da salansa. Ƙanena ya tsuguna a gefe da waya, yana ɗaukar hoton kowane mataki. Duk kusar da na cire sai in soke ta a jikin kwalin daidai yadda take zaune a injin, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Na juya injin har alamar T, wadda ke nuna fistin ya kai can sama, ta daidaita da tsagar da ke jikin murfi, sannan na ɗaure kacar taimin da siririyar waya don kada ta zame ciki. Notocin kan silinda kuwa, kaɗan-kaɗan na riƙa sassauta su, wannan kusurwa sai wadda ke fuskantarta, saboda alminiyon ba ya son a sake shi ta gefe guda, yana iya lanƙwashewa.

Da kan ya fito, na daɗe ina kallon fistin ɗin. Baƙin gawayi ya yi masa ɓawo mai kauri, har yana ɓarewa in an kankara. A nan na buɗe akwatin kayan aikin Baba neman abin kankara, sai hannuna ya faɗa kan ma'aunin giɓin bawul ɗinsa. Duk siraran ƙarafunan ma'aunin sun yi tsatsa, ban da guda ɗaya, mai kaurin milimita 0.05, wanda ya yi sumul yana sheƙi saboda yawan amfani. Ashe yawan daidaita bawul da Baba ke yi ne ya sa injin ya kai waɗannan shekaru. Na zauna shiru, sai da ƙanena ya ce, "Yaya, lafiya?" kafin na dawo hayyacina.

Wurin da na fi tsoro shi ne cire fistin. Akwai wani ɗan zoben waya da ke riƙe sandar fistin, bai kai girman farce ba. Na cusa tsumma mai tsabta a bakin injin kafin in taɓa shi. Ina ɗaga shi da bakin filaya kuwa ya yi tsalle, ya faɗa kan tsumman nan. Da babu tsumman, da zoben ya faɗa cikin injin, kuma sai an raba injin gida biyu kafin a ciro shi. Tsohon ba a mayar da shi, sabo ake sawa.

Na ja farcena a cikin silindar, na ji ya sarƙe a wata 'yar gaɓa kusa da sama, inda zoben farko ke tsayawa. Sababbin zobba kaɗai ba za su yi ba ke nan. Dole a faɗaɗa silindar a sa fistin mai ƙarin milimita 0.25, kuma wannan ne kaɗai aikin da ba zan iya a gida ba, sai masu injin yin sa.

Rana ta yi sanyi, na ce bari in wanke matatar mai kafin in tattara kaya. Na kurkure ta a kananzir, na ɗaga kwanon wajen haske, sai na ga wasu ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna walƙiya a ƙasa. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan daga ina?" Na kama sandar da ke haɗa fistin da ƙasan injin, na ja ta sama na tura ƙasa, na ji ta ɗan motsa. Abin da na tarar da na buɗe ƙasan, sai a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.