Doki Uku Ce, Amma Gudunta Ninki Biyu

Har yau in na tuna maganar mai shagon nan sai raina ya ɓaci. Motar lantarkin da ke juya injin markaɗena ta ƙone, na je sayen wata, ya turo min ita yana cewa, "Alhaji, doki uku ce kamar taka, ɗaurawa kawai za ka yi." Ƙarfin doki ukun gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba yana rubuce a ƙaramin ƙarfen da ke manne a jikinta: tsohuwar zagaye 1450 take yi a minti ɗaya, sabuwar 2900.

Muna kunnawa fambel ya fara kuka. Ƙullun ƙosai ya riƙa fitowa da ɗumi, haƙoran injin na cin juna, da an zuba wake da yawa kuma sai ƙarar ta shaƙe. Wata mai ƙosai ta tsoma yatsa a bokitinta, ta kalle ni, ta ɗauki sauran wakenta ta wuce gaba. Wannan ya fi kuɗin motar yi min ciwo.

Ƙanena da ke koyar da fiziks ne ya zauna da biro a kan benci. Fulin motar, wato ƙarfen da fambel ke hawa kansa, faɗinsa inci 4 ne, na injin inci 8. Fambel ɗaya ne ke jan su, saboda haka tsawon da yake tafiya a kan wannan fuli shi yake tafiya a kan wancan. Faɗin fuli sau yawan zagayensa dole ya zo daidai a ɓangarorin biyu. A da injin 725 yake yi a minti, yanzu ya koma 1450, gudun fambel ɗin kuma ya tashi daga wajen mita 7.7 a daƙiƙa zuwa sama da 15.

Wurin da ya ɗaure min kai shi ne ƙarfin. Doki uku wajen wat 2,200 ne, kuma abu biyu ne suka haɗu suka ba da shi: ƙarfin murɗawa sau saurin juyawa. In ɗaya ya ninka, ɗayan sai ya rabu biyu. Tsohuwar tana murɗawa da wajen niyuton-mita 14 da rabi, sabuwar 7 da ɗoriya kawai. Ga gudu, babu ƙarfin murƙushe wake. Duka "doki uku" ake kiran su!

Mai shagon ya ƙi karɓar kayansa, wai ai an riga an ɗaura. Sai muka sa fuli mai inci 3 a motar, mai inci 12 a injin, aka dawo 725. Fambel sabo, ramukan zama sababbi, kuɗin mai walda daban, duk a kan lambar da za a iya karantawa a tsaye cikin shago.

In za ka sayi motar inji, goge ƙarfen nan da bakin riga ka nemi inda aka rubuta RPM, wato yawan zagaye a minti, kafin a fara ciniki. Ka tafi da awon fulinka a rubuce, ka yi lissafin a gaban mai shagon.